Kurkumin da Huhun Jaririn da Bai Ƙoshi a Ciki Ba

A shekarar 2013 wasu masu bincike na cibiyar da a lokacin ake kira LA BioMed, wadda ke harabar asibitin Harbor-UCLA a garin Torrance na jihar Kalifoniya, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da 'ya'yan ɓeraye sababbin haihuwa. Sun zuba su a akwatin da oksijin ya kai kashi 95 cikin 100, alhali iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 kawai take ɗauke da shi. Oksijin mai yawa haka yana lalata huhun da bai gama ginuwa ba, kuma wannan ɓarnar suke so su haddasa don su ga ko za a iya tare ta. Wasu daga cikin ɓerayen an riƙa yi musu allurar kurkumin, sinadarin nan da ke ba gangamau launin rawaya, sauran kuma aka bar su haka. Bayan kwanakin farko aka mayar da su duka cikin iska ta yau da kullum. Da aka duba a rana ta 21, sai aka tarar waɗanda suka sami kurkumin huhunsu ya fi kusa da na lafiyayyen ɓera: tabo ya ragu, ƙananan jakunkunan iska kuma sun fi zama a kan tsari.

Jagoran aikin, Dokta Virender Rehan, likitan jarirai ne. Tun a 2011 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa kurkumin yana taimaka wa ƙwayoyin huhun ɗan tayin ɓera su nuna, yana kuma rage illar oksijin a kwanakin farko. Aikin 2013 ya ƙara da cewa kariyar ba ta gushewa da zarar an daina allurar. Jaridu da mujallun kiwon lafiya suka ɗauki labarin, wasu da kanun da mai karatu zai zaci har an fara ba jarirai maganin a asibiti.

Daga irin wannan aiki ne wata tambaya ta biyu ta taso. Idan kurkumin yana kare huhun da oksijin ya taɓa, ko zai taimaki jaririn da huhunsa ya sami tawaya tun yana ciki, saboda bai sami isasshen abinci da iska daga jikin uwarsa ba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci a bi ta har ƙarshe. Sai dai tazarar da ke tsakanin akwatin ɓeraye da gadon jariri tana da faɗi ƙwarai, kuma an sha rasa rayuka a cikinta.

Ba kowane ƙaramin jariri ne bakwaini ba

Mutanenmu sun san bakwaini, wanda ya zo kafin lokacinsa. Wanda ba a cika bambance shi ba shi ne jaririn da ya cika watanninsa tara, ko ya kusa cikawa, amma ya fito ɗan mitsitsi, fata a yamutse, ciki a shafe, kai kuma ya yi wa jiki girma. Wannan bai yi gaggawar fitowa ba, girmansa ne ya tsaya a ciki. Likitoci suna fara zargin haka idan nauyin jariri ya faɗo cikin kashi 10 na ƙasa a tsakanin jariran da suka yi makonni daidai da nasa a ciki. Ba duk wanda ya faɗo nan ne ke da matsala ba, don akwai iyalan da ƙaramin jiki gadonsu ne. Amma da yawa daga cikinsu yunwa suka sha kafin su ga hasken duniya. Akwai kuma wanda ya haɗa biyun, ga shi bakwaini ga shi bai ƙoshi ba, kuma shi ne ya fi kowa shiga haɗari.

Galibi laifin daga mabiyiya yake. Ita ce ke ɗebo abinci da oksijin daga jinin uwa ta miƙa wa ɗan tayi ta cibiya. Idan jijiyoyin da ke kawo mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon ciki, kamar yadda yake faruwa ga matan da hawan jinin ciki ke kamawa har ya kai su ga jijjiga, sai abin da ke isa wurin ɗa ya ragu. Zazzaɓin cizon sauro ma haka: ƙwayoyin cutar suna taruwa a cikin mabiyiya su toshe ta, wani lokaci ba tare da uwar ta ji wani zazzaɓi na kirki ba. Sai ƙarancin jini, da rashin abinci mai gina jiki, da cikin tagwaye, da taba sigari, da hayaƙin itace a madafi, da ciki a jikin yarinyar da ita kanta ba ta gama girma ba.

Lissafin da mujallar Lancet ta wallafa a 2023 ya nuna cewa a shekarar 2020, cikin jarirai kusan miliyan 135 da aka haifa da rai a duniya, miliyan 35.3 sun zo ko dai kafin lokaci ko da ƙaramin jiki. Wato ɗaya cikin huɗu. Bakwaini miliyan 13.4 ne, waɗanda suka cika lokaci amma suka gaza nauyi kuma miliyan 21.9. Fiye da rabin jariran da ke mutuwa a watan farko daga cikin waɗannan rukunai suke, kuma Kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin.

Ɗan tayin da abinci ya yi wa ƙaranci yana da dabararsa. Jikinsa yakan karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa hanta da hanji da ƙoda da tsoka da huhu. Hikimar a fili take, tun da a ciki ba da huhu yake numfashi ba. Amma ranar haihuwa huhun da aka yi wa ƙwauron nan shi za a fara nema.

Ginin huhu kuwa aiki ne mai bin lokaci. A makonnin ƙarshe na ciki, daga wajen mako na 36, manyan buhunan iska suke fara rarrabuwa zuwa ƙananan jakunkuna, kamar yadda magini yake shiga babban zaure ya yi ta jan katanga har ya fitar da ɗakuna masu yawa. Kowace sabuwar katanga tana ɗauke da siraran jijiyoyin jini, kuma a jikinta ne oksijin yake tsallakawa cikin jini. Aikin yana ci gaba shekaru bayan haihuwa, har baligi ya tashi da jakunkuna kimanin miliyan 480. Idan kayan aiki suka yanke a tsakiyar gini, ɗakunan sukan fito kaɗan, manya-manya, masu kaurin bango.

An ga haka ƙarara a tumaki. A Jami'ar Monash ta Ostiraliya, Farfesa Richard Harding da abokan aikinsa sun rage aikin mabiyiya da gangan a tumaki masu ciki, suka bi 'ya'yan bayan haihuwa. Jakunkunan iskarsu sun gaza yawa, bangonsu ya yi kauri, kuma bayan fiye da shekara biyu, lokacin da dabbobin suka zama manya, tawayar tana nan. A mutane ma akwai shaida. A 1991 David Barker na Jami'ar Southampton ya bi bayanan mazajen da aka haifa a yankin Hertfordshire na Ingila tsakanin 1911 da 1930, ya gano cewa waɗanda aka haifa da ƙaramin nauyi ƙarfin huhunsu ya fi rauni a tsufa, kuma sun fi mutuwa da cutar toshewar hanyoyin numfashi. A 2009 wani babban bincike a Amurka kan jarirai fiye da 1,200 da aka haifa kafin mako na 28 ya nuna cewa tsayawar girma a ciki tana ƙara haɗarin ciwon huhu mai ɗorewa sosai, ko da an cire sauran dalilai.

A da likitoci da yawa sun ɗauka wahalar da ɗan tayi ya sha a ciki tana sa huhunsa ya nuna da wuri. Bincike ya rushe wannan zato.

Ciwon huhu mai ɗorewar nan shi likitoci ke kira BPD. William Northway da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford ne suka fara bayyana shi a 1967, a jikin jarirai 32 da aka daɗe ana ba su oksijin mai ƙarfi ta na'urar numfashi. Abin tausayin shi ne, abin da ke ceton ran jaririn shi ne kuma yake raunata huhunsa. Ba a iya hana shi oksijin, amma oksijin da matsin na'ura suna jawo kumburi da tabo, su tsayar da ginin jakunkunan iska. Yaron da ya tsira yakan koma gida da saurin numfashi, da yawan ciwon ƙirji, da komawa asibiti a kai a kai. Har yau babu wani magani guda da ke warkar da BPD. Shi ya sa duk wani sinadari da ya nuna alama a ɗakin gwaji ake rububinsa.

Dalilin da ya sa aka kalli gangamau

Gangamau, ko kurkum, tsohon abu ne a hannun ɗan Adam. Indiya ce ke noma mafi yawansa a duniya, kuma can an daɗe ana sa shi a miya, a rini, a kan rauni. Har a 1995 da ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wasu masu bincike biyu na Jami'ar Mississippi haƙƙin mallaka a kan amfani da shi wajen warkar da rauni, hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce ta nuna cewa sanin ya girmi kakanninsu, aka soke rajistar a 1997. Shi kuwa kurkumin, masana biyu a Faransa, Vogel da Pelletier, su ne suka fara ware shi daga saiwar a 1815, aka gano tsarin ƙwayarsa a 1910. A garin gangamau na kasuwa bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba.

Abin da ya ja hankalin masu binciken huhu abu uku ne. Na farko, a cikin kwanon gwaji kurkumin yana rage kumburi, yana kuma kwashe gurɓatattun ƙwayoyin da oksijin mai yawa ke haifarwa. Na biyu, yana danne wani saƙo na cikin jiki da ake kira TGF-beta, wanda idan ya yi yawa yake umartar ƙwayoyin huhu su koma masu yin tabo. Na uku, kuma wannan ne ya fi shafar jaririn da muke magana a kai, yana tayar da wani furotin mai suna PPAR-gamma. A cikin bangon jakunkunan iska akwai wasu ƙwayoyi masu tara kitse, suna miƙa shi ga maƙwabtansu don a haɗa safaktan, ruwan nan mai santsi da ke hana huhu manne wa kansa duk lokacin da aka fitar da numfashi. PPAR-gamma ne ke riƙe waɗannan ƙwayoyi a kan aikinsu. Idan ya yi rauni, sai su rikiɗe su zama masu tauri, masu jan tabo.

To, a Jami'ar Utah, Lisa Joss-Moore da abokan aikinta sun ɗaure jijiyoyin da ke kai jini mahaifar ɓeraye masu ciki don 'ya'yan su fito a tsumbure, sai suka tarar PPAR-gamma ya ragu a huhun 'ya'yan. A 2010 suka ba da rahoton cewa idan aka ƙara wa uwar kitsen DHA, irin wanda ake samu a kifi, raguwar tana gyaruwa. Ga matsala a gefe guda, ga kuma sinadarin da aka san yana tayar da abin da ya faɗi a ɗaya gefen. Duk mai hankali zai so ya haɗa su ya gani. A Jami'ar Aikin Gona ta Nanjing da ke ƙasar Sin ma an ba 'ya'yan aladu da ɓerayen da aka haifa a tsumbure kurkumin a cikin abinci, aka ga sauƙi a hanta da hanji, kodayake waɗannan ayyuka ba huhu suka sa a gaba ba.

Amma jiki ba ya tafiya a kan layi ɗaya. A Jamus, Miguel Alejandre Alcazar da abokan aikinsa sun tsumburar da 'ya'yan ɓeraye ta wata hanya dabam, ta rage wa uwar furotin a abinci, suka ba da rahoto a 2011 cewa saƙon TGF-beta a huhun 'ya'yan raguwa ya yi, ba ƙaruwa ba. Huhu mai girma yana buƙatar wannan saƙo daidai gwargwado, yawansa illa ne, ƙarancinsa ma illa ne. Ke nan maganin da ke danne shi zai iya taimakon huhun da oksijin ya ƙona, ya kuma ƙara wa wani huhun nauyi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a ɗauko sakamakon ɓeran da aka sa a oksijin a ɗora shi kai tsaye a kan jaririn da mabiyiya ta gaza.

Dalilin da ya sa ake amfani da ɓera shi ne ana haihuwarsa huhunsa yana matakin da na bakwainin mutum yake, sai bayan kwana huɗu yake fara fitar da jakunkunan iska, ya gama mafi yawan aikin cikin mako biyu zuwa uku. Wannan ya sa gwaji da shi yake da sauri da araha. Amma ɗan ɓeran lafiyayye ne, a kan lokacinsa ya zo, hantarsa da hanjinsa da ƙwaƙwalwarsa daidai suke da kwanakinsa. Jaririn da ke kwance a kwalba da nauyin kilo ɗaya ba haka yake ba.

Inda gizo ke saƙa

Babbar matsalar kurkumin ita ce ba ya shiga jini. Ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta tana sarrafa shi ta fitar nan da nan. A wani gwaji da aka wallafa a 2006 a Amurka an ba manya lafiyayyu har gram 12 a haɗiya ɗaya, amma mutum biyu kawai aka ga ɓurɓushinsa a jininsu. Ɓerayen Kalifoniya ba ta baki aka ba su ba, allura aka yi musu a cikin ramin ciki, hanyar da ba a bi da jariri.

An nemi dabaru. A 1998 masu bincike a Bangalore ta Indiya suka nuna cewa idan aka haɗa kurkumin da sinadarin fiferin na masoro, abin da ke shiga jini yana ninkuwa sau ashirin. Shi ya sa yawancin ƙwayoyin gangamau da ake sayarwa yau suke ɗauke da masoro. Sai dai yadda fiferin ke yin wannan aiki shi ne ya rage wa hanta ƙarfin sarrafa abubuwa ta wata hanya ta musamman, kuma ta wannan hanyar ce hantar jariri take fitar da sinadarin da ke jawo shawara. A jikin sabon haihuwa hanyar ba ta gama buɗewa ba tukuna, shi ya sa shawara ta yi yawa a makon farko, kuma idan ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Rashin nunar wannan hanya ce ta sa maganin kuloramfenikol ya kashe jarirai da dama a ƙarshen shekarun 1950, jikinsu ya yi toka-toka, jini ya faɗi, kafin a gane cewa hantarsu ba ta iya fitar da shi.

Idan kuma aka ce a bi ta jijiya, dole a narkar da kurkumin a cikin wani abu, kuma wannan abin ma yana da nasa haɗarin. A watan Maris na 2017 wata mata 'yar shekara 30 ta rasu a Kalifoniya bayan an ɗura mata kurkumin ta jijiya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta gano cewa an haɗa ruwan da wani sarrafaffen man zurma wanda bai kai matsayin na magani ba. Likitocin jarirai kuwa ba su manta da E-Ferol ba, ruwan bitamin E da aka fara ɗura wa bakwaini a Amurka a ƙarshen 1983 ba tare da cikakken gwaji ba. Bitamin ne, kowa ya ɗauka ba shi da illa. Kafin a janye shi a watan Afrilun 1984 jarirai 38 sun mutu, hanta da ƙoda sun lalace, kuma abin da aka narkar da bitamin ɗin a ciki shi aka fi zargi.

Ko a manya ma ƙwayoyin gangamau masu ƙarfi ba su fita zargi ba. A 2022 wata ƙungiyar likitocin hanta a Amurka ta ba da rahoton mutum 10 da hantarsu ta kumbura sanadiyyar shan su, biyar suka kwanta a asibiti, ɗaya ya rasu. Hukumomin lafiya na Italiya da Ostiraliya su ma sun yi gargaɗi. Wannan bai shafi ɗan gangamau da ake barbaɗawa a shinkafa ko miya ba, wanda abinci ne kamar kowane kayan yaji. Ko shi ɗin ma akwai abin lura: a 2019 masu bincike na Jami'ar Stanford da cibiyar icddr,b ta Dhaka suka gano cewa a Bangaladesh wasu masu sarrafa gangamau suna shafa masa fenti mai gubar dalma don rawayarsa ta ƙara haske. Gwamnatin ƙasar ta tashi tsaye, gurɓataccen gangamau a kasuwannin da aka auna ya sauko daga kashi 47 cikin 100 a 2019 zuwa sifili a 2021. Wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da dalma ta kashe a 2010 ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da wannan guba ke yi wa ƙaramin yaro.

Sannan akwai matsalar shaidar kanta. A 2017 Kathryn Nelson da abokan aikinta na Jami'ar Minnesota suka yi bitar abin da aka rubuta a kan kurkumin, suka ce bayan gwaje-gwaje fiye da 120 a jikin mutane, babu wani tsayayyen gwaji, irin wanda likita da majiyyaci duk ba su san wa aka ba maganin gaske ba, da ya tabbatar da shi a matsayin maganin wata cuta. Sun kuma nuna cewa sinadarin yana da halin ruɗar na'urorin gwaji, saboda launinsa da yadda yake manne wa furotin iri-iri, sai ya yi kamar yana aiki a inda ba ya yi. Masu goyon bayan kurkumin sun mayar da martani, muhawarar ba ta mutu ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa yayata shi, Bharat Aggarwal, wanda a da yake aiki a cibiyar cutar kansa ta MD Anderson a Houston, mujallu sun janye takardunsa fiye da ashirin saboda matsalar hotuna da bayanai. Wannan bai taɓa aikin masu binciken huhu da na ambata ba, kuma zalunci ne a shafa musu laifin wani. Amma ya sa dole a ƙara tsananta tambaya a kan duk abin da aka ce kurkumin yana yi.

Abin da ya faru a Amsterdam

Idan akwai labarin da ya kamata duk mai sha'awar wannan batu ya riƙe, to na Holan ne. Maganin sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, yana buɗe jijiyoyin jini. A ɓeraye da tumaki an ga alamar yana ƙara jinin da ke zuwa mabiyiya, 'ya'yan su ƙara nauyi. Magani ne da aka daɗe da sani, har jarirai ake ba shi don wata cutar huhu. Hujjar gwada shi ga mata masu cikin da girmansa ya tsaya ta fi ta kurkumin ƙarfi nesa ba kusa ba. Aka shirya gwaje-gwaje a Birtaniya da Niyu Zilan da Ostiraliya da Kanada da Holan. Na Birtaniya bai ga amfani ba. Na Holan, wanda asibitin jami'a na Amsterdam ya jagoranta, an tsayar da shi a watan Yulin 2018. A lokacin mata 93 sun sha maganin, 90 sun sha na bogi. A rukunin farko jarirai 17 suka kamu da hawan jini na jijiyoyin huhu, 11 suka mutu. A rukuni na biyu uku ne suka kamu, babu wanda ciwon ya kashe.

Masu binciken ba sakaci suka yi ba. Sun bi ƙa'ida, sun sa kwamitin sa ido, kuma kwamitin ne ya hango haɗarin ya tsayar da aikin. Da a ce likitoci sun riƙa rubuta maganin haka kawai bisa dogaro da sakamakon dabbobi, da babu wanda zai ƙirga gawarwakin balle ya gane dalili. Haka aka yi da oksijin kansa a shekarun 1940 zuwa farkon 1950, aka riƙa cika kwalaben bakwaini da shi da kyakkyawar niyya, yara kimanin 10,000 suka makance kafin gwaji ya nuna inda matsalar take. Garin neman gira aka rasa ido.

A ganina, wannan ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kurkumin a kai. A ci gaba da binciken, a gwada shi a dabbobin da aka tsumburar ta hanyoyi dabam-dabam, a kai shi ga manyan dabbobi irin tumaki waɗanda huhunsu ya fi kama da namu, a samo hanyar isar da shi huhu wadda ba za ta taɓa hanta da ƙwaƙwalwa ba, a bi dabbobin har girmansu. Sai bayan nan a yi maganar jariri. A yau shaidar da ake da ita ta ƙwayoyin kwanon gwaji ce da ta dabbobi. Babu wata hukumar magunguna da ta amince da kurkumin don huhun jarirai, kuma ba ya cikin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da bakwaini da masu ƙaramin nauyi.

Abin da ke cikin waɗannan ƙa'idoji kuwa an gwada shi, wani ma a ƙasarmu. Allurar deksametason da ake yi wa mace idan haihuwa ta taso kafin lokaci, don huhun ɗa ya yi saurin nuna, ta samo asali ne daga tumakin Graham Liggins a Niyu Zilan, kuma sai da shi da Ross Howie suka gwada irinta a mata a 1972 kafin ta zama magani. A 2020 aka wallafa gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitoci 29 na Nijeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladesh, da mata 2,852, mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. Ita ma sai an san makonnin cikin da kyau, don wani gwaji da ya gabata a 2015 ya nuna cewa yin ta barkatai, har ga matan da cikinsu ya isa haihuwa, ƙara mutuwa yake yi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake son hoton ciki kafin mako na 24. Sinadarin kafeyin, a gwajin jarirai 2,006 da aka wallafa a 2006, ya rage BPD daga kashi 47 zuwa 36. Na'urar CPAP tana tura iska a hankali ta hanci ba tare da an zura bututu a maƙogwaro ba. Ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata tun daga sa'ar haihuwa, wanda aka gwada a Ile-Ife da Kumasi da wasu asibitoci uku a Indiya da Malawi da Tanzaniya, ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi ɗaya cikin huɗu.

Kafin haihuwa ma akwai abin yi, kuma can ne ya fi araha: awon ciki tun da wuri har sau takwas, gwajin hawan jini da fitsari a kowane zuwa, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu aƙalla sau uku, gidan sauro, ƙwayoyin ƙarin jini, da ƙaramin asfirin ga matan da likita ya ga suna cikin haɗarin jijjiga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran wani sabon bincike. Jiran kuɗi suke, da ma'aikata, da wutar lantarki a ɗakin jarirai, da maigidan da zai bar matarsa ta je awo ya kuma biya kuɗin mota. Abin yana ci mini rai idan na ga yadda labarin ɓera da gangamau yake yawo a wayoyin mutane cikin kwana ɗaya, alhali kafeyin da aka tabbatar da amfaninsa kusan shekara ashirin da suka wuce har yanzu yana wuyar samu a asibitocin Afirka da yawa.

Ga iyaye da kakanni da ungozomomi, maganar a taƙaice take. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2.5, ko wanda numfashinsa ya wuce 60 a minti ɗaya, ko yake gurnani, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, ko ya kasa kama nono, asibiti za a kai shi a wannan sa'ar, a manne da ƙirjin uwarsa don kada sanyi ya kama shi a hanya. Kada a ɗura masa ruwan gangamau, ko jiƙo, ko dauri, ko zuma, kada kuma a turara masa hayaƙin komai. Mai ciki ta ci gangamau a abincinta yadda ta saba, amma ta bar ƙwayoyinsa na kanti sai da izinin likita. Har wata shida, nonon uwa kaɗai ne abin da zai shiga bakin jariri, sai maganin da likita ya rubuta.